Yadda man babur ya rabu da man mota

Mai babur da ya je sayen baƙin mai zai ga an rubuta 20W-50 a jikin roba, a ƙasa kuma JASO MA. Mutane da yawa lambar farko kawai suke dubawa, alhali ta biyu ce ke nuna ko man ya dace da kulocin babur. Kowace daga cikinsu tana da tarihinta.

A farkon ƙarni na ashirin, man zurma ne ake alfahari da shi a injunan tsere, domin yana manne wa ƙarfe ko da zafi ya yi tsanani. Charles Wakefield, wanda ya kafa kamfaninsa a Landan a 1899, ya fitar da mai mai ɗauke da man zurma a 1909, ya sa masa suna Castrol, daga sunan zurma da Turanci. Jiragen saman Yaƙin Duniya na Ɗaya da yawa da man zurma suka yi aiki. Aibinsa shi ne idan ya daɗe a cikin inji yakan zama danƙo, don haka a hankali man da ake tacewa daga ɗanyen man fetur ya maye gurbinsa.

Wannan ya kawo wata matsala: ta yaya mai saye zai san kaurin mai? A 1911 ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE, ta fitar da lambobin kauri. Shekaru da dama masu mota a ƙasashen sanyi suna canza mai da canjin yanayi, mai ruwa-ruwa a hunturu, mai kauri a bazara. A shekarun 1950 aka samar da man da ke aiki a yanayin biyu. Harafin W yana nuni da hunturu, lambar da ke gabansa tana auna gudun man a cikin sanyi, ta ƙarshe kuma kaurinsa idan inji ya ɗauki zafi.

Har zuwa wannan lokaci, mai guda ne ke yi wa mota da babur hidima. Rabuwar ta biyo bayan takunkumin man fetur na 1973. A 1975 Amurka ta kafa dokar da ta tilasta wa kamfanonin mota rage shan fetur, masu haɗa mai kuma suka riƙa zuba sinadaran ƙara santsi. Mota ba ta cutu ba, saboda man injinta bai isa wurin kuloci. A galibin babura kuwa, inji da giya da kuloci duk a mai ɗaya suke wanka. Santsin da ke taimakon mota shi ne ke sa faifan kulocin babur zamewa: inji na ta kuka, babur ya kasa ja, faifan kuma ya ƙone.

Japan, ƙasar Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki, ita ce ta magance wannan. A 1998 aka fitar da ma'aunin JASO na man babura marasa haɗa mai da fetur: MA ga masu kuloci a cikin mai, MB ga waɗanda kulocinsu ke bushe, kamar yawancin babura masu canza giya da kansu. A 2006 aka raba MA zuwa MA1 da MA2, inda MA2 ya fi riƙe kuloci.

Ga ɗan acaɓa da ke yini a kan Bajaj cikin zafin watan Afrilu, wannan tarihi yana taɓa aljihunsa kai tsaye. Ya fara duba kaurin da littafin baburinsa ya ambata, sannan ya nemi alamar MA ko MA2 a jikin robar. Idan babu ita, tsadar man ko sunan kamfaninsa ba su tabbatar masa da cewa kulocinsa zai tsira ba.