Kalmomin tsakiya a Ingilishi da gadon 1066

Ɗalibin da ya yi karatu da Faransanci yakan sa centre duk inda ya ga tsakiya. A nan yake tuntuɓe. Tun kafin Normandawa su ci Ingila a 1066, Ingilishi na da middle, heart da kernel. Centre baƙuwa ce: ta shigo daga Faransanci a ƙarni na 14, tushenta kentron na Girkanci, wato tsinin da ake kafawa a zana da'ira. A ganinmu, shi ya sa ta fi riƙe ma'anar awo. Da'ira na da centre, amma tsakar dare sai middle. Kernel kuwa ƙwayar cikin ƙwallo ce, wato amande. Rubutun center na Amurka, ƙamus ɗin Webster na 1828 ne ya yaɗa shi.