Kwaɗon zogale da hanyar da gyaɗa ta biyo zuwa Tasawa

A wayoyin ƴaƴanmu mata yanzu ana yawan ganin bidiyon yadda ake haɗa mahaɗin salak irin na Asiya: man riɗi, ruwan waken soya mai gishiri, lemun tsami, citta, tafarnuwa da ɗan sukari, a kaɗa a zuba kan ganye. Ban ga laifin koyonsa ba. Sai dai wannan haɗi yana da ɗan uwa a gidajenmu tun kafin zuwan waya, kuma akwai tarihi a cikinsa fiye da wasu darussan da muke sa yara su haddace a lakwal.

Kwaɗo nake nufi. A dafa zogale a tsane, a daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, a yanka albasa, a zuba man gyaɗa cokali biyu ko uku, mai so ya matsa lemun tsami ko ya jiƙa tsamiya. Mai, tsami, gishiri, yaji: ginshiƙan ke nan, su ne kuma na wancan haɗin na waya. A Indunusiya ma akwai gado-gado, dafaffen ganye da ake kwaɓawa da niƙaƙƙiyar gyaɗa da barkono da tsamiya. Matar Kanambakashe za ta gane shi da ɗanɗano ɗaya.

Abin da ke cikin kwanon kusan duk baƙi ne. Zogale daga arewacin Indiya ya fito, kuma sunayen da muke ba shi, el-Makka ko bagaruwar Makka, suna nuna gabas. Lemun tsami ma ɗan Asiya ne. Barkono da gyaɗa daga nahiyar Amurka suke, jiragen Fotugal da Sifen ne suka watsa su a Afirka da Asiya tun ƙarni na 16, shi ya sa mu da Indunusiya muka haɗu a kwano ɗaya ba tare da wani ya kwaikwayi wani ba. Tsamiya ce tamu. Daga Afirka ta tafi Indiya tun da daɗewa, har Larabawa suka riƙa kiranta dabinon Indiya. Da yawanmu a nan gujiya muke ce wa gyaɗa, sunan da a wasu wurare ake ba kwaruru, wadda ita ce ƴar gida.

Gyaɗa ta daɗe tana abincin gida kafin ta zama kuɗi. Jirgin ƙasa ya fara aiki zuwa Kano a 1912, cinikin gyaɗa ya buɗe a can, sannu a hankali ya hauro iyaka. Faransawa, waɗanda suka mayar da mazaunin mulkinsu daga Tasawa zuwa Maradi a 1927, suna son haraji da tsabar kuɗi, manomi kuwa ba shi da abin da zai ba shi kuɗin kamar gyaɗa. Haka jigawar Tasawa da ta Mayahi suka shiga nomanta gadan-gadan, wani lokaci gero ya rasa fili. An kafa masana'antar mai ta Siconiger a Maradi a 1942, bayan samun ƴancin kai kuma aka kafa SONARA a 1962 don ta riƙe saye da fitarwa. A shekarun 1960 gyaɗa ce kan gaba a abin da Nijar ke sayarwa waje. Sai farin 1973 ya zo, a 1975 kuma ƙwari suka baza cutar da ta ƙanƙance gyaɗa a gonaki. Daga nan gwamnati ta juya ga yuraniyom ɗin Arlit.

Littattafanmu a nan suke tsayawa, kamar gyaɗa ta mutu. Ba su ambaci matan da suka ci gaba da aikin ba. Su ne ke soya ta, su murje ɓawon, su kai injin niƙa, su riƙa zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan suna murza tunkuza har mai ya taso, sannan su mulmula abin da ya rage su soya shi a cikin mansa. Ƙuli-ƙuli saura ne, amma a nan sinadarin gina jiki ya taru. Yankinmu ya ga yadda tamowa ta yi wa yara a 2005, don haka ba na ɗaukar kwaɗon da yarinya ke sayarwa a ƙofar makaranta a matsayin kayan kwaɗayi. Da ribar wannan sana'a uwaye da yawa suka sayi littafi da alli, har da kayan ɗaki.

Asiyar da ta shigo kwaɗonmu a yau kuwa ta jarka ce: man da ake tacewa daga kwakwar manja, yawancinsa daga Maleshiya da Indunusiya, yana shigowa ta tashoshin ruwan maƙwabta. Ya fi araha, ba shi da ƙamshi, kuma duk kwalbar da aka saya ciniki ne ya kuɓuce wa mai tunkuza. Ba na zargin uwar da ta zaɓi mai araha, na san abin da aljihu ke iya ɗauka.

A ajina na CM2 nakan sa yara su tambayo kakanninsu mata abin da ake sa wa kwaɗo a da, da shekarar da gidansu ya rage noman gyaɗa. Sai mu shimfiɗa taswirar duniya a ƙasa, mu ɗora ganyen zogale kan Indiya, ƙwayar gyaɗa kan Amurka ta Kudu, tsamiya kan Afirka, ƙuli-ƙuli kuma kan Tasawa. Kafin a tashi, galibi ƙuli-ƙulin ya ɓace.