Fanisau, Ƙofar Kano ta Arewa

Bisa al'ada, da Babbar Sallah Sarkin Kano kan hau da hakimansa ya nufi Fanisau, cikin Ƙaramar Hukumar Ungogo, ya sauka a gidan sarauta da ke can. 'Yan kallo dawaki suke gani, algaita suke ji. Dattawan garin kuwa sun san hawan Fanisau gaisuwa ce ga wurin da ya tsare wa Kano hanyar arewa.

Sarki Ibrahim Dabo ya hau gado a 1819, ƙasa a hargitse. Cikin masu tawaye babu kamar Ɗan Tunku, wanda ya yi ƙarfi a Dambatta yana kai wa ƙauyukan arewacin birni hari. Dabo ya dubi Fanisau, gari a gindin duwatsu, tafiyar hantsi daga ganuwar Kano, ya mai da shi ribaɗi. Ya gina gida, ya zaunar da mayaƙa, shi kansa ya riƙa tarewa can. Nan Bature matafiyi Hugh Clapperton ya same shi a 1824. Ƙura ta lafa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bar wa gidan Ɗan Tunku Kazaure a matsayin masarauta.

Da hanya ta yi lafiya, arziki ya biyo ta. Da rani ayarin Azbinawa kan gangaro da kantun gishirin Bilma, fataken Damagaram na tafe da jakuna, kowa na ɗokin Kasuwar Kurmi. Su koma da turkuɗi da jemammun fatu da hatsi. Gandayen sarki da na attajirai suka kewaye garin da gero da dawa. Bayi ne suka nome su, bisa al'adar zamanin, zuriyarsu kuma ta zama 'yan gari.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ciniki ya juya kudu, raƙumi ya ja da baya, manoman yankin suka rungumi gyaɗa.

Matafiya dai ba su rabu da Fanisau ba: filin jirgin saman Malam Aminu Kano maƙwabcinsa ne, alhazai na tashi ta saman gonakinsa. Sai dai birni na cinye gonakin, fuloti bayan fuloti. Gidan Dabo da tsohon masallacin garin na buƙatar gyara irin na maginan gargajiya, da malaman da za su riƙa kai ɗalibai su hau dutsen su hango hanyar Dambatta.