Juriya a Zanen Bakin Teku da Abin da Gonakin Watari Suke Faɗa Mana



Mutanen da suke zaune a bakin teku sun daɗe suna zana hotunan gwagwarmayarsu da ruwa. Alal misali, wajen shekarar 1831 wani Bajapane mai suna Hokusai ya zana wata ƙatuwar igiyar ruwa tana shirin rufe jiragen masunta uku, su kuwa sun sunkuya sun riƙe jiragensu kam. A 1899 kuma Winslow Homer na Amurka ya zana wani baƙar fata shi kaɗai cikin jirgin da ya lalace, manyan kifaye masu cin mutum suna kewaye da shi. Saƙon dai ɗaya ne, wato mutum bai fi ƙarfin teku ba, amma bai gudu ya bar masa wurin ba.

To, mu nan ƙasar Kano ba mu da teku. Abin da muke kokawa da shi tun kaka da kakanni shi ne fari. Ni a ganina ƙasar tamu ta cancanci irin wannan zane, domin kuwa juriyar a fili take.

Ɗaya daga cikin tsofaffin hotunan ƙasarmu shi ne wanda Bature Heinrich Barth ya zayyana daga kan Dutsen Dala a 1851, wani mai zane Bajamushe, Bernatz, ya kammala shi, aka buga a littafin tafiye-tafiyen Barth. A wancan zamani akwai filaye masu yawa a cikin ganuwa, inda mutane za su iya noma ko da abokan gaba sun yi wa birni ƙawanya.

A bayan ganuwa kuwa, har zuwa yankinmu na Watari, gona na manne da gona. Manomi bai da filin da zai bari ya huta, saboda haka sai ya dogara da taki. A da, jakuna kan kai itace birni, su komo da taki a mangala. Ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, in wannan ya ƙi, wancan ya yi. Ba a sare gawo, domin da damina yake kaɗe ganyensa, bai hana shuka samun rana, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa. Ɗorawa da kuka kuwa su ne abin miya.

Da wannan dabara kakanninmu suka farfaɗo bayan yunwar 1914 da ake kira Ƙaƙalaba, iyayenmu kuma suka tsallake farin 1972 zuwa 1974 da na 1984, ko da yake an yi asarar rayuka da dabbobi. Farfesa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya fara nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya kuma nuna cewa yawan jama'a bai kashe ƙasar ba, domin yawan hannu ne yake kula da ita. Bugu da ƙari, madatsar ruwa ta Watari da aka gina a Bagwai a ƙarshen shekarun 1970 ta buɗe ƙofar noman rani.

Abin tsoro shi ne, in aka sare itatuwan nan, tsofaffin da suka san amfaninsu suka ƙare, yaranmu ba za su san kamannin ƙasar da ta raine mu ba. Don haka nake kira ga ƙungiyarmu da ta sayi fenti da takardu, ta sa gasar zane tsakanin ɗaliban makarantarmu, su fita gonaki da bakin madatsa su zana abin da suka gani, a rataye a ɗakin taro.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba mu damina mai albarka, amin.