Daga tawadar malam zuwa garin alli: zanen riga a Agege

Yau so nake mu taɓa tarihin wani abu da muke sawa a wuya kowace Juma'a amma ba mu cika tambayar asalinsa ba, wato zanen da ake fara yi a jikin babbar riga kafin allura ta taɓa ta.

A ƙasar Hausa ta da, riga ɗaya hannuwa da yawa take bi. Masaƙi daban, mai haɗa ƙyallaye daban, mai ɗinkin ado daban, mabugi daban. A tsakiyarsu akwai mai zane, kuma a Zariya da Kano da Bida sau da yawa malami ne ko almajirin da hannunsa ya faɗa da rubutun allo da zayyana. Zai shimfiɗa rigar, ya ɗauki alƙalamin kara da tawada, ya fitar da aska biyu ko aska takwas da tambari da dagi, duk daga ka, ba tare da ya dubi wata takarda ba. Shi ya sa za ka ga riguna biyu masu suna ɗaya amma kowacce da irin tsayin askarta da faɗin tambarinta. Masu ido har suna gane hannun wane. Baturen nan David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi shekaru yana bin masu wannan sana'a, kuma a 1976 ya shirya nunin kayan fasahar Hausawa a Landan.

To yaya aka yi abin ya zo Kurmi? Jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Badun a 1901, ya isa Kano a 1911, Agege kuwa tana kan hanyar, ga gonakin goro kewaye da ita. Fatake suka sauka, zango ya kafu, mahauta da wanzamai da maɗinka suka biyo baya. Yarbawa masu son agbada suka zama abokan ciniki. Sai dai a nan ba kowane lungu ne za ka sami malami mai hannun zane ba, kuma mutumin Ikko ba ya jiran riga wata shida. Da keken surfani ya yaɗu, irin Cornely ɗin nan da aka fara ƙerawa a Faransa tun shekarun 1860, aikin watanni ya koma na kwanaki, sai zanen ya zama shi ne ke riƙe aiki.

Maganin da na tashi na tarar a shagunan unguwarmu shi ne takarda mai huji. A zana askar sau ɗaya a takarda mai ƙwari, a bi layin da allura ana hudawa kusa-kusa, sannan a ɗora ta kan shadda a danne. Sai a ƙulle garin alli a tsumma a riƙa bubbugawa, ko a dama shi da ɗan kananzir a goga don ya zauna. Idan yadin fari ne, bula ake sawa ko garin gawayi. Ana ɗaga takardar sai ka ga ɗige-ɗige sun jeru, yaron shago ya bi su da alli ko biro kafin iska ta kwashe. Ba a kunna fanka lokacin. Maigidan da na yi wa aike ina yaro yakan ce a yi atishawa a waje.

Kada wani ya ɗauka mu muka ƙirƙiro. An samu irin waɗannan takardu masu huji na ƙarni na 10 a kogunan Dunhuang na ƙasar Sin. Michelangelo ya yi amfani da dabarar a wani sashe na rufin cocin Sistine da ya zana tsakanin 1508 da 1512, kuma masu aikin zare a Indiya na yin ta da alli da kananzir.

Ni dai ra'ayina a nan ya rabu biyu, kuma ba zan ɓoye ba. Takardar ta yi wa baƙo rana: mutum ya ninke aska takwas ya sa a aljihu, ya hau jirgi a Kano, ya sauka Agege ya buɗe shago, ya ciyar da iyali. Amma ita ce ta fara raba zane da mai zanensa. Ladan da ake ba malam ya tsaya, sunansa ya ɓace, askar wani mutum guda ta koma ta kowa, ana ta kwafa daga kwafi har wani tambarin ya karkace ba wanda ya lura. Yanzu da injin monogiram ya zo, zanen a kwamfuta yake, ana tura shi ta WhatsApp, yaran ma ba su san sunan abin da suke ɗinkawa ba. "Lamba sha biyu" za ka ji an ce.

Abin da ya sa na yi wannan rubutu shi ne, idan tsohon tela ya rasu, 'ya'ya kan share shago su ƙone tarin takardun nan tare da tsummokara, don sun yi baƙi da kananzir. Wasunsu a bayan takardar siminti aka yi su, wasu da ajami a gefe, an rubuta sunan zanen da garin da aka kawo shi. Duk wanda ke da irinsu a Agege ko Idi-Araba ko Obalende, don Allah ya shimfiɗa su a kan baƙin ƙyalle yadda hujin zai fito, ya ɗauki hoto gaba da baya, ya tambayi dattijon da ya rage a layin sunan kowanne ya rubuta.