Faffaɗan tantanin mahaifa: Inda jini kan ɓuya bayan haihuwa

Faffaɗan tantanin mahaifa wani tantani ne mai ninki biyu da ya shimfiɗu daga gefen mahaifa na dama da na hagu zuwa bangon ƙugu. Shi ne ke lulluɓe bututun ƙwai, yana riƙe da ma'ajiyar ƙwai ta bayansa, kuma ta cikinsa manyan jijiyoyin da ke kai wa mahaifa jini suke ratsawa. A gindinsa, bututun da ke ɗauko fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara yakan gifta ta ƙarƙashin babbar jijiyar jinin mahaifa. Wannan cunkoso ne ya sa duk matsalar da ta taso a wurin take da wuyar ganewa, tiyatarta kuma take buƙatar gwani.

Ƙari da kumburi

Ƙarin da aka fi samu a wannan wuri shi ne faiburod, wato dunƙulen tsoka wanda ba na sankara ba ne. Wani yakan tsiro daga jikin mahaifa ya kutsa tsakanin ninki biyun, wani kuma daga zaren tsokar da ke cikin tantanin kansa. Idan ya girma yakan ture mahaifa gefe guda, ya jawo nauyin mara da yawan fitsari, ko ya danne bututun fitsari har ƙoda ta kumbura. A hoton sikanin sau da yawa akan ɗauke shi a matsayin ƙarin ma'ajiyar ƙwai, sai a ɗakin tiyata gaskiya ta bayyana.

Akwai kuma ƙullutu mai ruwa da ke fitowa kusa da ma'ajiyar ƙwai. Galibinsa ba shi da illa, sai fa idan ya murɗe, inda yakan kawo matsanancin ciwon mara farat ɗaya. Sankarar da ke farowa daga tantanin kanta ba kasafai ake ganinta ba. Abin da aka fi gani shi ne sankarar bakin mahaifa ta bazu zuwa naman da ke gindinsa, alamar cewa cutar ta wuce matakin farko. Ƙwayoyin cuta ma kan shiga wurin bayan haihuwa a wuri marar tsafta ko zubar da ciki ta hanya mai haɗari, su haddasa zazzaɓi da taruwar mugunya.

Jinin da ido ba ya gani

Mafi haɗari a cikin matsalolin nan shi ne taruwar jini tsakanin ninki biyun. Yakan faru idan yagewar bakin mahaifa ta zarce sama, ko mahaifa ta fashe ta gefe, ko yankan tiyatar haihuwa ya tsage ya taɓa jijiya. Doguwar naƙuda, da allurar ƙara naƙuda ba bisa ƙa'ida ba, da danne cikin mai naƙuda da ƙarfi, duk suna ƙara yiwuwar fashewar mahaifa, musamman ga wadda aka taɓa yi wa tiyata.

Wurin kan iya ɗaukar jini fiye da lita guda ba tare da ya fito waje ba. Saboda haka ungozoma da dangi kan duba zane su ga jini kaɗan, hankalinsu ya kwanta, alhali maijego tana ƙarewa ta ciki. Alamomin su ne ciwo mai tsanani a gefe guda na mara, jiri, gumi mai sanyi, dusashewar tafin hannu da cikin ido, saurin bugun zuciya da faɗuwar awon jini. Wadda ta nuna waɗannan bayan haihuwa asibiti mai ɗakin tiyata take buƙata nan take, ba ruwan zafi ko kunun kanwa ba.

Idan jinin kaɗan ne kuma ya tsaya, likitoci kan sa ido su ba da ƙarin ruwa ko jini. Idan yana ƙaruwa, sai a buɗe ciki a ɗaure jijiyar da ke zuba, wani lokaci ma a cire mahaifa domin a ceci rai.

Inda siyasa ta shigo

Kowane mataki na wannan magani ya dogara ne da abin da gwamnati ta tanada: motar ɗaukar marasa lafiya, ma'ajiyar jini, wutar lantarki da likitan da ke bakin aiki da tsakar dare. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya a 2023 sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na adadin duniya baki ɗaya, kuma zubar jini ne kan gaba wajen kashe masu haihuwa a duniya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, adadin kuwa ya fi ƙanƙanta a Arewa maso Yamma.

Alkawura ba su yi ƙaranci ba. A 2001 shugabannin Afirka suka amince a Abuja za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, mizanin da gwamnatin tarayya ba ta taɓa cimmawa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu. Ma'aunin duk waɗannan shi ne ko babban asibitin ƙaramar hukuma yana da jini a ajiye da wanda zai iya tiyata a daren da aka kawo maijego.