MALDI-TOF: Na'urar da ke tantance nau'in ƙwari ta hanyar auna furotin

MALDI-TOF wata fasaha ce ta ɗakin gwaje-gwaje da ke auna nauyin ƙwayoyin sinadaran da ke jikin halitta. An daɗe ana amfani da ita a asibitoci wajen gano ƙwayoyin cuta, sannan masana ƙwari suka ɗauke ta domin tantance nau'in sauro, ƙudan tsando, ƙuma da kaska.

Asalin fasahar ya samo tushe ne daga aikin masana biyu na ƙasar Jamus, Franz Hillenkamp da Michael Karas, a shekarun 1980. A shekarar 2002, masanin Japan Koichi Tanaka ya samu kaso na kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai saboda wata hanya makamanciyarta ta auna manyan ƙwayoyi irin su furotin.

Idan za a gwada sauro, akan cire ƙafafunsa ko kansa da ƙirjinsa, a niƙa su cikin ruwan sinadari domin fitar da furotin. Sai a ɗiga ruwan a kan farantin ƙarfe, a haɗa shi da wani sinadari mai shan haske, a bar shi ya bushe. A cikin na'urar, hasken leza na bugun samfurin, ƙwayoyin furotin su tashi ɗauke da cajin lantarki su bi ta wani bututu da aka zuƙe iskarsa. Marasa nauyi kan riga masu nauyi isa ƙarshen bututun, kuma daga lokacin da kowace ta ɗauka ake gane nauyinta. Sakamakon kan fito a matsayin zane mai kololuwa da yawa, wanda ya bambanta daga nau'i zuwa nau'i kamar zanen yatsa. Kwamfuta ce ke kwatanta shi da zanukan da aka adana na nau'o'in da aka riga aka tabbatar.

Muhimmancin wannan ya fi fitowa a yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, wanda Najeriya ke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya, bisa alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya. Sauron Anopheles gambiae, Anopheles coluzzii da Anopheles arabiensis kamarsu ɗaya ko da an duba su da madubin ƙara girma, amma ɗabi'unsu sun sha bamban. Na farko ya fi cizon mutum a cikin ɗaki, yayin da arabiensis kan ciji dabbobi kuma ya yi cizo a waje, inda gidan sauro ba ya kare mutum. Haka kuma an gano Anopheles stephensi, sauron Asiya mai hayayyafa a tankunan ruwa na birane, a Jihar Gombe a shekarar 2020. Sanin ainihin nau'in da ke wani yanki shi ke nuna wa jami'an lafiya matakin da ya dace su ɗauka.

Idan aka kwatanta da gwajin DNA, MALDI-TOF ta fi sauri, kuma kayan gwajin kowane samfuri sun fi araha. Bincike ya kuma nuna cewa ana iya gane dabbar da sauro ya sha jininta daga abin da ke cikinsa.

Sai dai na'urar kanta tana da tsada, tana buƙatar wutar lantarki marar yankewa da ƙwararrun ma'aikata. Ba ta gane nau'in da babu zanensa a ma'ajiyarta, kuma yadda aka adana ƙwaron kafin gwaji na iya sauya sakamako. Saboda haka amfaninta a kowace ƙasa ya dogara ne kan gina ma'ajiyar zanukan ƙwarin wannan yanki, wanda aka fara tabbatar da su ta gwajin DNA.